Desmond Ovbiagele da fim ɗin mai tallar nono: yabon da aka yi can, labarin da ya faru a nan

Malam Sa'idu, Marwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure, ina neman izinin kawo wata magana da ta tsaya mini a rai tun makon jiya. Ɗan yayata da ke karatu a Yawunde ya zo hutu, ya kunna mini wani fim a kwamfutarsa bayan sallar isha'i, kuma ban tashi daga kan tabarma ba sai da ya ƙare. Sunan fim ɗin The Milkmaid, wato mai tallar nono, an fitar da shi a 2020, kuma akasarin maganar cikinsa Hausa ce, da Fillanci jefi-jefi. Labari ne na wata yarinya Bafillatana mai suna A'isha, wadda 'yan ta'adda suka afka wa ƙauyensu suka raba ta da 'yar'uwarta Zainab, ita kuma ta ƙi haƙura, ta bi sawu har cikin sansaninsu.

Wanda ya rubuta labarin, kuma ya ba da umarni, sunansa Desmond Ovbiagele, mutumin kudancin Najeriya ne da ya yi shekaru yana aikin banki a ɓangaren zuba jari kafin ya ajiye ya koma harkar fim. Kafin wannan ya rubuta wani fim na 'yan sanda da masu laifi mai suna Render to Caesar, wanda ya fito a 2014. A bikin karrama finafinan Afirka na AMAA na 2020 an sa fim ɗin mai tallar nono a rukuni takwas, ya lashe biyar, ciki har da kambun fim mafi kyau na shekarar.

Abin da ya dame ni shi ne, washegari na tambayi malamai goma sha ɗaya a ɗakin hutunmu na makaranta, babu ko ɗaya da ya taɓa jin sunan mutumin nan ko sunan fim ɗin, alhali dukanmu mun ga hare-haren bam na watan Yulin 2015 a garin nan na Marwa a arewacin Kamaru, mun san abin da ƙarar bam take yi wa kasuwa. An yi fim da harshenmu a kan ciwonmu, duniya ta yaba, mu kuma ba mu da labari. Ina so in ji ra'ayinku: wannan yabo da aka yi wa mutumin nan, ya shafe mu ko bai shafe mu ba?

Alhaji Garba, Kusuri

Wa alaikumus salam, Malam Sa'idu. Allah ya saka da alheri. Ni ban kalli fim ɗin ba, amma na ji labarinsa a rediyo a lokacin, har na ɗauka ma ya ci babbar kyautar nan ta Amurka. Abin da na riƙe shi ne an ce hoton bayan takardar naira goma ne ya tsima marubucin. Wannan takarda kuwa na san ta fiye da yadda na san tafin hannuna, domin na yi shekara da shekaru ina ƙirga ta a Gamboru kafin hanya ta lalace: a gaba hoton Alvan Ikoku, a baya mata biyu Fillani da ƙore a kai.

To ga inda maganata take. Mutumin da ya fara sanin mai tallar nono a bayan takardar kuɗi, yana zaune a ofis mai sanyi a Legas, yaya za a yi ya faɗa mini abin da ke zuciyar yarinyar da aka ɗauke daga rugarsu? Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Su kuma masu raba lambobin yabon nan, nawa ne a cikinsu suka taɓa kwana da takalmi a ƙafa saboda tsoron gudu cikin dare? Ba ina ƙaryata ƙoƙarinsa ba ne, amma ina ganin yabo ne na mutanen nesa ga mutumin nesa, a kan wahalar da mu muka sha. Shi ya sa ban yi mamaki ba da malamanku ba su san shi ba.

Yusuf, Njamena

Baba Alhaji, da izininku zan gyara abu ɗaya. Fim ɗin bai ci Oscar ba. Najeriya ta tura shi ne ya wakilce ta a rukunin finafinan ƙasashen waje na gasar da aka yi a 2021, amma da aka fitar da jerin finafinai 15 da suka tsallake zagayen farko, ba ya ciki. Sai dai shigarsa kaɗai tana da tarihi. A gasar da ta gabaci wannan Najeriya ta tura Lionheart na Genevieve Nnaji, sai masu gasar suka cire shi a watan Nuwamban 2019, saboda ƙa'idar rukunin ita ce akasarin maganar fim ta kasance ba da Ingilishi ba, shi kuwa wancan Ingilishi ne kusan dukansa, Ibon da ke ciki bai wuce minti goma sha ɗaya ko sha biyu ba. Saboda haka fim na farko da aka karɓa daga Najeriya a wannan rukuni, fim ne mai magana da Hausa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga duk mai kishin harshen nan, ko a Kano yake ko a Njamena.

Ni kuma akwai abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin ina ɗan taɓa rubutun wasan kwaikwayo na rediyo. Ku duba lambobi biyar ɗin da Malam Sa'idu ya ambata: fim mafi kyau, fim mafi kyau da harshen Afirka, fim mafi kyau na Najeriya, jaruma mai taimakawa wadda Maryam Booth ta samu, sai kuma kwalliya. Babu ta rubutun labari, babu ta ba da umarni. Wato aikin da Ovbiagele ya yi da alƙalaminsa, wanda shi ne tushen komai, ba shi aka ware aka karrama ba. Haka kuma abin yake a bakin jama'a. Duk wanda na ji ya ambaci fim ɗin a nan, cewa yake yi fim ɗin Maryam Booth. Ta cancanci yabo, babu shakka, amma kalmomin da ta furta wani ne ya zauna ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa.

Hajiya Hadiza, Garwa

Sallama gare ku duka. Ni na kalla, kuma sau biyu. Alhaji, ina girmama maganarku, amma ina ganin kun yi saurin yanke hukunci, kuma gani ya kori ji.

Mahaifiyata Bafillatana ce, kuma har na yi aure akwai wata baiwar Allah da take kawo mana kindirmo kowace hantsi daga bayan gari. Tana shigowa soro sai ta durƙusa, ta sauke ƙwaryar da hannu biyu, ta ɗauke gammo ta ajiye a cinya, ta ɗaga faifan, ta kore ƙuda da gefen mayafinta, sannan ta auna da ludayi tana ƙirgawa a hankali cikin Fillanci. Ta yi mana wannan hidima fiye da shekara goma, kuma yau idan aka tambaye ni sunan 'ya'yanta ko yadda mijinta ya rasu, ba ni da amsa. Mu da muke shan nonon ba mu taɓa tambayar labarinta ba. Shi wannan bawan Allah ya ga hoto a bayan naira goma, ya tsaya ya ce, su wane ne waɗannan, kuma me zai faru da su idan masifar da ake ji ta faɗo wa rugarsu? Tambayar da ya kamata mu yi tun da daɗewa ita ce ya yi. Ban ga dalilin da zai sa nisansa ya zama laifi ba, alhali kusancinmu bai haifar da komai ba.

Kuma bai zauna a Legas ya ƙaga daji da kwali ba. A jihar Taraba aka ɗauki fim ɗin, wadda ke iyaka da mu, kuma duk wanda ya taɓa bin hanyar Ngaundere zuwa Banyo da damina zai gane waɗannan tuddai da wannan ciyawa. Yarinyar da ta fito a A'isha, Anthonieta Kalunta, wannan ne fim ɗinta na farko, amma ta riƙe shi da mutunci. Inda zan yarda da ku, Alhaji, shi ne Fillancin ya yi mini kaɗan. 'Yan'uwa biyu da suka tashi a ruga, idan baƙin ciki ya kai musu iya wuya, da harshen uwa za su yi kuka, ba da harshen kasuwa ba. Wannan kam na ji shi a jikina, kuma ina jin mahaifiyata da tana raye da shi za ta fara.

Ramatu, Mora

Iyayena, ina gaisuwa. Ba na yawan magana a zauren nan, amma wannan ta shafi aikina. Ina aikin jinya, kuma shekaru da dama ke nan ina hulɗa da matan da suka dawo daga daji, wasu da goyo, wasu da ciki, wasu kuma su kaɗai.

Akwai wata da muka shaƙu, ba zan faɗi sunanta ko ƙauyensu ba. Wata rana da yamma tana taya ni tsinke zogale a tsakar gida, ƙanena yana kallon fim ɗin nan a waya a gefe, sautin yana fitowa. Ba ta ce komai ba lokacin harbe-harbe da ihu, hannunta ma bai tsaya ba. Sai da aka zo inda A'isha ta sami 'yar'uwarta bayan duk wahalar da ta sha, ta tarar Zainab ba Zainab ɗin da ta sani ba ce, ta riga ta karɓi aƙidar mutanen, ta sami wuri a cikinsu. Nan ne matar nan ta ajiye tiren, ta miƙe ta tafi bayan ɗaki ta daɗe. Da ta dawo ta wanke fuska, sai ta ce mini da Fillanci, wanda ya rubuta wannan ya yi magana da wata a cikinmu.

Baba Alhaji, wannan ne amsata ga tambayarku. Kowa zai iya nuna bindiga da wuta, labaran rediyo ma suna yi. Abin da ba kowa ke da ƙarfin halin faɗa ba shi ne, wadda aka sace tana iya zama wadda ba ta son dawowa, kuma wadda ta dawo tana iya dawowa da abin da ba za ta taɓa faɗa wa mahaifiyarta ba. Tun da aka kafa hukumar kwance ɗamara da mayar da tubabbu cikin jama'a a ƙarshen 2018, aka sa cibiya ɗaya a nan Mora, muna ganin wannan da idonmu. Mace ta dawo, danginta su karɓe ta a baki, amma a ware mata kwano, a hana yara wasa da ɗanta, a riƙa kiransa da sunan da ba zan rubuta a nan ba. Marubucin da ya gane cewa ciwon yana tsakanin 'yar'uwa da 'yar'uwa, ba tsakanin soja da ɗan ta'adda kawai ba, ya yi aikin sauraro kafin ya yi na rubutu. A wurina maganar matar nan ta fi lambobi biyar ɗin nauyi.

Alhaji Garba, Kusuri

'Yata Ramatu, Allah ya yi miki albarka, ya ba ku ladan aikin da kuke yi. Maganarki ta sanyaya mini jiki, kuma ba zan yi musu da wadda ta ga abin da idonta ba. Hajiya, na karɓi gyaranki a kan mai kindirmo, domin ni ma akwai irinta a gidanmu kuma ban san sunan ƙauyensu ba.

Amma ban sauka daga kan matsayina gaba ɗaya ba, domin akwai batun addini. Na ji cewa hukumar tace finafinai ta Najeriya ba ta bar shi ya fita yadda aka yi shi ba, sai da aka yanke wasu wurare. Idan haka ne, ruwa ba ya tsami banza. Mu Musulmin wannan yanki mun sha wahala biyu: su suka kashe mu a masallatanmu da kasuwanninmu, sannan duniya ta riƙa kallon rawaninmu da gemunmu da hijabin matanmu a matsayin alamar su. Na tsaya a gadar Ngeli da ke tsakanin Kusuri da Njamena an sauke ni daga mota an caje ni har cikin hula, matafiyin da ke kusa da ni ba a ko dube shi ba. Idan baƙo ya ɗauki kabbara da sallah ya sa a bakin mai kisa, ya kai wa Turawa suka tafa masa, wa zai bi su gida-gida ya bayyana musu cewa waɗanda aka yanka ma da kabbara suka cika?

Yusuf, Njamena

Baba, tsoronku gaskiya ne, kuma duk wanda ya zauna a Njamena lokacin hare-haren bam na watan Yuni da Yulin 2015 ya san yadda zargi yake sauka a kan marar laifi. Gaskiya ne kuma an yi yankan, kimanin minti 24 aka cire kafin hukumar ta ba da izini, kuma wuraren da suka shafi addini ne. Amma ku duba abin da yankan yake haifarwa. Mutanen nan ba da kuɗi kaɗai suka ja yaranmu ba, da wa'azi suka ja su, da ayoyin da suka karkatar, da alkawarin aljanna. Idan aka goge wannan daga labari, sai a bar mai kallo da 'yan fashi kawai, kuma yaro ɗan shekara goma sha biyar da ya kalla ba zai gane tarkon ba ranar da aka ɗana masa shi da harshe mai daɗi. Maganin abin da kuke tsoro ba shi ne a cire addini daga bakin azzalumi ba, shi ne a bar shi a bakin wanda aka zalunta ma, a ga A'isha tana kiran Allah kamar yadda uwayenmu suke kira.

Wannan kuma ya kawo ni kan tambayar da nake ta yi wa kaina, wato me ya hana a yi irin wannan fim a Kano. Masana'antar finafinan Hausa ta fara tun 1990 da Turmin Danya, tana da jarumai, tana da masu kallo daga Agadas har Abeshe. Ba basira aka rasa ba. Amma marubucin da ke can yana rubutu ne da ido uku a kansa: na hukumar tace finafinai ta jihar, wadda ke aiki tun 2001, da na mai zuba kuɗi da ke son jarinsa ya dawo cikin watanni, da kuma na mutanen da a wancan lokaci suna iya bin mutum har gida. Ovbiagele ya zo da abubuwa biyu da marubucin gida ba shi da su: ya san yadda ake tara jari saboda aikinsa na baya, kuma idan ya gama yana da inda zai koma ya kwana lafiya. Nisan da muke zarginsa da shi, shi ne ya ba shi damar faɗin abin da na kusa ya haɗiye.

Mu a Chadi mun san wannan yanayi. Mahamat-Saleh Haroun ɗan Abeshe ne, amma daga Faransa ya gina sunansa, kuma sai da ya ci kyautar alƙalai a bikin finafinai na Kan a Faransa a 2010 sannan aka gyara gidan sinima na Normandie da ke Njamena aka sake buɗe shi a 2011. Yabon waje ne ya buɗe ƙofar gida.

Aminu, Ngaundere

Gaisuwa ga manya. Yaya Yusuf, ina da shakku a kan murnar da ka yi da batun harshe. Tun da ƙa'idar Oscar ta hana fim mai rinjayen Ingilishi shiga wannan rukuni, ashe ba za a iya cewa Hausa ta zama tikitin shiga gasa ba ne kawai? Ga shi a 2024 ma Najeriya ta sake tura fim na Hausa, Mai Martaba na Prince Daniel. Ina tsoron kada harshenmu ya zama rigar aro da ake sawa ranar biki a cire da dare.

Sannan ina so in tuna wa zauren cewa mu ma a Kamaru an yi mana irin wannan. Cyrielle Raingou, wadda ba 'yar arewa ba ce, ta je Kolofata ta zauna da yara 'yan makaranta, ta yi fim na gaskiya ba na wasa ba mai suna Le Spectre de Boko Haram, ya ci babbar kyautar bikin Rotadam a Holan a 2023. Kolofata fa, Anti Ramatu, nan kusa da ku. A ajinmu na jami'a, da malami ya tambaya, mutum biyu ne suka san da shi. Saboda haka matsalar da Malam Sa'idu ya kawo ba ta Najeriya ba ce kaɗai.

Yusuf, Njamena

Ƙanena Aminu, a kan Ovbiagele dai lissafin bai ba da haka ba. An cire Lionheart a ƙarshen 2019, shi kuma wannan ya shiga gasa a 2020. Fim mai wannan girma, da rubutu da neman kuɗi da kwasar ma'aikata zuwa Taraba da tacewa, ba a cikin 'yan watanni ake haɗa shi ba, don haka zaɓen harshen ya riga waccan hayaniya. Kuma ko da wani ya zaɓi Hausa don gasa, ni ba zan kore shi ba, sharaɗina ɗaya ne: ya ɗauki marubucin Hausa ya zauna da shi tun daga shafin farko, a rubuta maganar da Hausa, ba a rubuta da Ingilishi a ba wani ya juya da daddare ba, kuma a sa sunan wannan mutum a allo da haƙƙinsa a hannu. Kunne yana gane bambancin. Maganar da aka yi tunaninta da Hausa takan zo da gaisuwa da kawaici da kewaye-kewaye, wadda aka juya kuwa takan faɗo kai tsaye kamar takardar sammaci. Ƙorafin da Hajiya ta yi a kan Fillanci ma daga wannan rijiyar ya fito.

Malam Sa'idu, Marwa

Na karanta duka, kuma na ƙaru fiye da yadda na zata. Da na buɗe maganar ina ganin laifin namu ne, na rashin bibiya. Yanzu ina ganin hanya ce babu. A ina malamin makaranta a Marwa zai ga wannan fim? Gidajen sinima na ƙarshe a ƙasar nan, Abbia a Yawunde da Wouri a Duwala da Empire a Bafusam, an rufe su a farkon 2009, kuma waɗanda aka buɗe daga 2016 suna can kudu. Abin da ya rage mana shi ne tauraron ɗan'adam da masu tura finafinai a waya a bakin kasuwa, su kuma abin da ake tambaya shi suke ajiyewa. Fim na bikin karramawa yana tashi daga Legas ya tafi Turai da Amurka, ya tsallake kan mutanen da aka yi shi a kansu.

Ina da shawara, kuma ina neman a gyara mini. Makarantarmu tana da majigi da farin bango a harabar baya. Ina so in rubuta wa kamfanin da ya shirya fim ɗin in nemi izinin haska shi sau ɗaya kyauta ga malamai da iyayen yara, domin ba na so mu yi kukan ba a girmama marubuci ba sannan mu kalli aikinsa ta hanyar sata. A cikin wasiƙar kuma, idan Ramatu ta yarda, kuma idan mai maganar ta yarda, ina so in sa jumlar nan da matar ta faɗa, ba tare da suna ko gari ba. Ina ganin ya kamata mutumin nan ya ji ta.

Hajiya Hadiza, Garwa

Malam, shawara ta yi kyau, amma kada a sa yara. Akwai wuraren da ni kaina na kau da kai. Kuma a raba zama, mata su sami nasu lokaci da rana, domin akwai abin da mace ba za ta faɗa ba idan surukinta yana zaune a bayanta. A sami wanda zai riƙa bayani da Fillanci ga waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba, tun da a Marwa su ne masu yawa. Idan an sa rana zan hau mota in zo, in kwana wajen ƙanwata.

Ramatu, Mora

Malam, zan tambaye ta, amma ba zan matsa mata ba, kuma idan ta yi shiru to a ɗauka ta ƙi. Roƙona shi ne kada a gayyaci matan da suka dawo a matsayin baƙi na musamman, kada a nuna su, kada a ce su tashi su yi magana. Wadda ta zo da ƙafarta ta zauna inda ta ga dama, kuma a bar ƙofar baya a buɗe don wadda ta ji ba za ta iya ba ta fita ba tare da an juyo ana kallonta ba. Waɗanda suka fi buƙatar ganin fim ɗin nan ba su ba ne, maƙwabtansu ne da dangin mazajensu.

Alhaji Garba, Kusuri

Malam Sa'idu, kuɗin man janareta da hayar kujeru suna wuyana, ka turo mini lissafi ta akwatin sirri. Amma ina da sharaɗi, kuma ba na wasa ba ne. Kafin a tara jama'a, ni da limamin unguwarku da wani dattijo ɗaya za mu zauna mu kalla daga farko har ƙarshe, kuma ka tambayi mutanen a wasiƙarka wanne za su ba mu, wanda aka yanke ko cikakken. Ni cikakken nake so in gani, domin ba zan yarda ko in ƙi abin da wani ya riga ya tace mini ba. Idan na ga abin da nake tsoro, zan faɗa a nan zauren a gaban Yusuf, idan kuma ban gani ba, shi ma zan faɗa. Ina da kaya da za su iso Marwa bayan sati biyu, zan biyo motar.